Wanda ba shi da ɗaki, in an hana shi kwana a waje, ina zai kwana?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ke cin raina tun jiya, na ce bari in kawo shi nan. A birnin da nake zaune a nan Amurka, majalisar birni za ta zauna ranar Talata kan wata sabuwar doka. Za a hana kafa tanti, shimfiɗa bargo ko kwali, da kwana a wuraren shaƙatawa, gefen titi da ƙarƙashin gada. Wanda aka kama a ci shi tara, in ya sake a tsare shi. Unguwarmu ta rabu biyu. Wasu na yawo da takarda ana sa hannu don goyon bayan dokar, wasu na tara mutane a je zauren majalisa a ce ba a yarda ba. Dukkansu sun ƙwanƙwasa min ƙofa. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutumin da ba shi da ɗaki, in ka ce kada ya kwana a waje, ina kake so ya sa haƙarƙarinsa? Amma kuma gaskiya, wata uku ke nan uwar yarana ta hana su zuwa filin wasan da ke bayan gidanmu saboda tantunan da aka kafa a bakin shinge. Wace takarda zan sa wa hannu?

Kawu_Bala:
Wa'alaikumus salam. Baban Khalifa, sa hannu a ta masu son dokar. Filin wasa na yara ne. Tausayi daban, tsari daban. Ai ma Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a kwashe su.

Ɗalibar_Shari'a:
Kawu, ka yi haƙuri zan ɗan gyara maka. Kotun Ƙoli ba ta umarci kowane birni ya kwashe kowa ba. Cewa ta yi birnin da ya ga dama zai iya hukunta mai kwanan waje, kuma hakan bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Izini ta bayar, ba umarni ba, kuma bambancin yana da girma, don shi ne ya sa maganar ta dawo hannun majalisun birane irin ta su Baban Khalifa.

Shari'ar daga wani ƙaramin gari ta taso mai suna Grants Pass a jihar Oregon, mutanensa ba su kai 40,000 ba. A lokacin shari'ar, dokar garin ta hana kwana a fili da duk wani abin shimfiɗa ko lulluɓa. Tarar farko dala 295, in ba ka biya ba ta haura dala 537. In aka rubuta maka sau biyu, a hana ka shiga wuraren shaƙatawa na kwana 30. In ka koma, ya zama kutse, hukuncinsa zai iya kaiwa kwana 30 a gidan yari da tarar dala 1,250.

Kafin wannan, tun 2018, akwai hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara kan birnin Boise na jihar Idaho, wanda ya ce ba za ka hukunta mutum don ya kwana a waje ba matuƙar babu gadon da zai samu a gidan kwanan marasa matsuguni. Shi jihohin yammacin ƙasar suke bi a lokacin. Ranar 28 ga Yuni, 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan fahimtar, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Mai shari'a Neil Gorsuch ne ya rubuta na masu rinjaye. Hujjarsa, dokar aikin kwana a fili take hukuntawa, ba halin rashin gida ba, tunda ko matafiyi ne ya kafa tanti za ta hau kansa, kuma matsala irin wannan zaɓaɓɓun jama'a ya kamata su warware, ba alƙalai ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta ƙi yarda, ta ce barci buƙata ce ta halitta, ba laifi ba, kuma zaɓi biyu aka bar wa mara gida: ya zauna ido biyu ko a kama shi.

Kawu_Bala:
Na karɓi gyara, 'yata, Allah ya ƙara ilimi. Amma ra'ayina na nan. Tunda an ba su dama, su yi amfani da ita.

Zinariya_22:
Hujjar nan ta "dokar ta hau kan kowa" ita ce ta fi ba ni haushi. Wane mai gida ne zai bar katifarsa ya je ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gada cikin hunturu? Kowa ya san wanda aka nufa da ita.

Direban_Dare:
Ban so yin magana ba, amma tunda an zo nan bari in faɗa. Ni da kaina na kwana a mota wata huɗu. Ba na shan giya, ba na shan ƙwaya. Mai gida ya ƙara kuɗin haya, a watan kuma na kwanta jinya sati uku ban fita aiki ba, kafin in farga an liƙa min takardar tashi a ƙofa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Na zuba kayana a but, na kwantar da kujerar gaba. Abin da har yau ban manta ba shi ne ƙarar tocilan a jikin gilashi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarfe biyun dare. Ɗan sanda ya ce ba a kwana a nan, matsa gaba. In koma wani layi, wajen ƙarfe huɗu wani ya zo. Da asuba in tafi wurin motsa jiki da nake biyan kuɗin wata don kawai in samu wanka, in sa riga mai tsabta in fita ɗaukar fasinja. Babu fasinjan da ya taɓa sanin cewa a kujerar da nake tuƙa shi na kwana.

Sau biyu aka rubuta min tara. A cikin kuɗin da nake tarawa na kafin alƙalamin sabon ɗaki na cire na biya, don ina tsoron kada abin ya taɓa lasisina, shi ne abincina. Wato tarar nan ba ta fitar da ni daga motar ba, wata guda ta ƙara min a ciki. Kawu Bala, da girmamawa, a lokacin ni ma ina cikin waɗanda kake cewa a kwashe.

Ummu_Aiman:
Allahu Akbar. Allah ya ƙara rufa asiri, ɗan'uwa. Wallahi na karanta da hawaye.

Kawu_Bala:
Direba, ba irinka nake nufi ba. Kai mai neman na kanka ne.

Direban_Dare:
Kawu, ai matsalar ke nan. Takardar tarar ba ta tambayi ko ni mai neman na kaina ne ba.

Hajiya_Mai_Shago:
Ni kuma ku saurare ni, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara tara ina da shago a tsakiyar birni. Kullum da safe kafin in ɗaga ƙofa sai na cika bokiti da ruwa da sinadarin wanki na wanke bakin shagon, don an yi bahaya ko fitsari a wurin. Ina da wani awartaki na ƙarfe da na ajiye musamman don tsintar allurai. Bara cikin sanyi wani ya hura wuta ya ji ɗumi, ta kama ƙofar baya, Allah ya sa maƙwabci ya gani. Kamfanin inshora ya ƙara min kuɗi. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ajiye saboda wani ya bi ta har tashar bas yana mata ihu.

Ban tsani kowa ba. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa ta caja wayarta a wurina kullum, har sunan jikokinta na sani. Amma masu zuwa majalisa da alluna suna cewa duk mai son doka mugu ne, yawancinsu a unguwannin da babu ko tanti ɗaya suke zaune. Su zo su riƙe min bokitin nan sati ɗaya. A Phoenix ta jihar Arizona ai masu shaguna da mazauna ne suka kai birnin kotu kan wani sansanin marasa matsuguni da ya tara wajen mutum dubu, alƙali ya ba da umarni aka kwashe shi a 2023. Su ma jama'a ne, ko ba jama'a ba ne?

Zinariya_22:
Hajiya, ba wanda ya ce ƙarya kike. Amma duk abin da kika lissafa, tayar da gobara, bin mace da barazana, zubar da allura, ai tuntuni akwai dokokin da suka hana. Wannan sabuwar kuma barcin kansa take hukuntawa. Dattijuwar mai caja waya ita za a fara rubuta wa tara, don ita ce ba ta iya gudu.

Hajiya_Mai_Shago:
Dokokin suna nan a takarda, ƙanwata. Na kira 'yan sanda ya fi a ƙirga, sai su ce ba abin da za su iya yi. To in wannan ce za ta sa su motsa, me zan ce?

Nas_Rabi:
Ni a ɗakin gaggawa nake aiki, kuma ina gane ranar da aka yi shara a sansani, wato hukuma ta kwashe tantuna da kayan masu kwanan waje, ko ba a faɗa min ba. Bayan kwana uku ko huɗu sai su fara zuwa. Mai ciwon suga da aka jefa allurar insulin ɗinsa a motar shara tare da tantinsa. Mai farfaɗiya da ya rasa ƙwayoyinsa. Wani na ɗinke masa ƙafa, na ce ya dawo bayan kwana goma a cire zare, bai dawo ba sai bayan wata da ƙafar ta ruɓe, don an kore shi zuwa bayan gari inda bas ba ta zuwa.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne maganar takardu. In katin shaida da takardar haihuwa suka tafi a shara, komai ya tsaya. Ba za ka yi rajistar neman gida ba, ba za a ɗauke ka aiki ba, kuma neman sabon kati na buƙatar wata takardar da ita ma ta tafi a sharar. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta shafe wata shida tana bin mutum har sunansa ya zo kan layin samun ɗaki, ranar da za ta kai masa albishir ta tarar an share wurin, wayarsa a kashe, ba wanda ya san inda ya nufa. Na ga wannan da idona, ba sau ɗaya ba.

Ɗalibar_Shari'a:
Ƙari kan maganar Anti Rabi. Kayan mutum na da kariya ta daban. Tun 2012 wata kotun ɗaukaka ƙara ta hana birnin Los Angeles kwashe kayan marasa matsuguni ya lalata su nan take don kawai mai su ya ɗan gusa. Hukuncin Grants Pass bai taɓa wannan ɓangaren ba. Baban Khalifa, ka duba daftarin dokarku, ka ga ko ta faɗi kwana nawa za a ba da sanarwa kafin shara, da inda za a ajiye kayan mutane da tsawon lokacin. In ba ta faɗa ba, wannan tambaya ce da za ka yi musu a bainar jama'a.

Sarkin_Aska:
Ni fa abin da na sani, ana ba su gidan kwana suna ƙi. Wanda aka ba gado ya ce titi yake so, ai shi ya so.

Nas_Rabi:
Wasu na ƙi, gaskiya ne. Amma ka taɓa tambayar dalili? Da yawa daga gidajen nan raba miji da mata ake yi. Ba a shiga da kare, kuma ga macen da ke kwana a waje karenta shi ne mai gadinta. Jaka ɗaya ko biyu aka yarda ka shigo da ita. A rufe ƙofa da yamma, wanda ke aikin dare ya rasa gadonsa. Da sassafe a fitar da kowa. Ga sata, ga kuɗin cizo, ga mutum sittin a ɗaki ɗaya wani na tari har gari ya waye.

Ɗalibar_Shari'a:
A Grants Pass ɗin ma, babban gidan kwanan da ke garin na wata ƙungiyar addinin Kirista ne, gado 138, kuma sharaɗin zama ya haɗa da halartar ibadarsu. Marasa matsugunin garin kuma an ƙiyasta sun kai 600. Ko kowa ya yarda da sharaɗin, lissafin bai fita ba.

Malam_Nuhu_Landan:
Bari in kawo muku ta nan Ingila, don abin ba na Amurka kaɗai ba ne. An kafa dokar hana gararamba a 1824, bayan yaƙe-yaƙen Napoleon na Faransa, lokacin da tsofaffin sojoji suka cika tituna ba aiki ba gida. Shekara ɗari biyu tana aiki. Majalisa ta amince a soke ta a 2022, amma aka jinkirta aiwatarwa, sai a 2025 gwamnati ta ce za ta kammala soke ta cikin 2026. In da hukunci na raba mutum da kwanan titi, da shekara ɗari biyu ta isa a gani.

Kan maganar ko ƙin amincewar jama'a na tasiri, yana yi. A 2014 aka ga an dasa ƙusoshin ƙarfe a ƙofar wani benen haya a unguwar Southwark don kada wani ya kwanta. Hoton ya zagaya intanet, mutum sama da 100,000 suka sa hannu, har magajin garin Landan na lokacin, Boris Johnson, ya soki abin, cikin 'yan kwanaki aka tumɓuke su. A 2015 kuma ƙaramar hukumar Hackney ta sa kwanan titi cikin abubuwan da za a ci tara a kansu, dubban mutane suka tayar da ƙayar baya, ta janye. Sai dai ƙusoshin sun tafi, dabarar ta zauna. Yanzu benci ake yi da ƙarfe a tsakiya kamar wurin ɗora hannu, ko a karkace shi yadda ba za ka iya miƙewa a kai ba. Ba wanda ke zanga-zanga kan benci.

Ummu_Aiman:
Wallahi Malam na sha ganin benci irin wannan a tashar bas, ban taɓa kawo wa raina dalilin ba sai yau.

Baffa_Ila:
A Hangari ma abin ya fi haka. Cikin kundin tsarin mulkin ƙasar aka sa haramcin zama a wuraren jama'a, ya fara aiki a watan Oktoba 2018.

Fa'iza_M:
Ni wanda ya fi tayar min da hankali shi ne hana ciyar da su. A watan Nuwamba 2014 a Fort Lauderdale ta jihar Fulorida, 'yan sanda suka rubuta wa wani dattijo ɗan shekara 90, Arnold Abbott, sammaci don yana raba wa marasa gida abinci a fili. Tsoho da rigar girki a jikinsa. A Houston ta jihar Texas akwai dokar 2012 da ta ce sai da izinin mai wuri za ka ciyar da fiye da mutum biyar, kuma a 2023 an yi ta rubuta wa masu aikin sa kai tara a bakin babban ɗakin karatun birnin. A Fremont ta Kalifoniya, a farkon 2025, sun yi dokar da ta haɗa har da wanda ya taimaka wa masu sansani, jama'a suka yi caa, majalisar ta cire wannan sashen. Mu da muke fita da kuloli duk ƙarshen mako, in aka zo nan, ba marasa gida kaɗai aka hukunta ba, an shiga tsakanin mutum da sadakarsa.

Sarkin_Aska:
Amma Fa'iza, ciyarwar nan a fili ita ke tara su wuri ɗaya. Ku kai gidan kwana mana.

Fa'iza_M:
Yaya, inda mai yunwa yake nan ake kai masa. Kuma muna kwashe sharar mu kafin mu tafi, har da wadda muka tarar.

Kawu_Bala:
An yi nisa da maganar. A bar kewaye-kewaye, tushen abin ƙwaya ce da taɓin hankali. Ku je ku duba da idonku.

Injiniya_Sabo:
Kawu, ƙwaya da taɓin hankali suna ciki, ba mai musu. Amma ga abin dubawa. Jihar West Virginia ta daɗe tana kan gaba a yawan mace-macen shan ƙwaya fiye da kima a Amurka, duk da haka marasa matsugunin ta ba su kusa da na Kalifoniya ba in aka auna da yawan jama'a. Bambancin kuɗin haya ne. Inda ɗaki ke da araha, mai shaye-shaye ma yana da inda yake rufe ƙofa. Inda ya yi tsada, mai rauni ne ke fara faɗowa, sai mai ƙaramin albashi irin Direba ya biyo baya. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta dare ɗaya a watan Janairu 2024 ta samu mutum sama da 770,000 ba matsuguni, ƙarin kashi 18 cikin ɗari kan na 2023, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu a Kalifoniya suke. Ba a shekara ɗaya mutane suka haukace da wannan yawan ba.

Wani abin kuma, da yawa ba ƙwaya ce ta kai su titi ba, titi ne ya kai su ga ƙwaya. Wanda ke tsoron a yi masa fashi cikin barci zai nemi abin da zai hana shi barcin.

Hajiya_Mai_Shago:
To Injiniya, mun ji. Gina gidaje shekara nawa zai ɗauka? Ni gobe da safe zan buɗe shago.

Injiniya_Sabo:
Tambayarki gaskiya ce, Hajiya, kuma ba ni da amsar gobe da safe. Amma akwai waɗanda suka gwada wata hanyar. Finlan tun 2008 ta ɗauki tsarin fara ba mutum ɗaki nasa da makulli, ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ba, sannan a biyo shi da magani da ma'aikacin da zai riƙa duba shi. Har tsofaffin gidajen kwana suka mayar ɗakunan haya. Daga wajen mutum 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 suka sauko ƙasa da 4,000 a 2023. Asalin tsarin ma a New York aka fara shi a 1992.

Baffa_Ila:
Finlan duka-duka mutum miliyan biyar da rabi ne. Ba a haɗa ta da Amurka.

Injiniya_Sabo:
To ɗauki Houston, birnin da Fa'iza ta ambata. Da wannan tsarin suka rage marasa matsuguni da fiye da rabi daga 2011. Su ma suna rufe sansani, amma sai sun sama wa mutanen ciki ɗakuna tukuna, sannan a sa shinge. Shara iri ɗaya ce a ido, sai dai a ɗaya mutumin ya koma ɗaki, a ɗayar ya koma bakin shagon wata Hajiyar a layi na gaba.

Tsohuwar_Malama:
'Ya'yana, ku bar ni in faɗi wadda ba a so. Na halarci irin wannan zaman sau uku a birninmu. Zama na farko kan dokar hana kwana ne, zaure ya cika, mutane na kuka suna cewa rashin imani ne. Na ji daɗi. Bayan wata biyar aka kawo shawarar mayar da wani tsohon otal gidan zama na marasa matsuguni, a unguwarmu. Wallahi fuskokin da na gani suna kuka a zaman farko, wasunsu su ne suka tashi suna cewa darajar gidajensu za ta faɗi, makaranta na kusa, a kai wani wuri. Aka fasa. Otal ɗin na nan a rufe har yau, mutanen kuma na kwana a bayan katangarsa.

Don haka ni ba na auna mutum da takardar da ya sa wa hannu. Baban Khalifa, in ka ƙi dokar, ka shirya cewa eh ranar da za a ce za a gina musu wuri a layinku. In ba za ka iya ba, to kai da Kawu Bala ra'ayinku ɗaya, shi dai ya fi ka fitowa fili.

Zinariya_22:
Mama ta gama magana.

Hajiya_Mai_Shago:
A nan kam ni da Mama bakinmu ɗaya. Ni a gina a bayan shagona ma na yarda, in dai akwai banɗaki da ma'aikata a ciki. Da banɗaki ɗaya na jama'a a layinmu, da rabin wahalata ta ƙare. Sau biyu muna rubuta wa majalisa kan haka.

Ɗalibar_Shari'a:
Abin lura ga masu cewa a jira a gani: guguwar na da ƙarfi. Wata guda bayan hukuncin Kotun Ƙoli, Gwamna Gavin Newsom na Kalifoniya ya umarci hukumomin jiharsa su fara kwashe sansanoni. Fulorida ta hana kwana a filayen gwamnati daga 1 ga Oktoba 2024, kuma daga Janairu 2025 mazauna na iya kai ƙaramar hukuma ƙara in ba ta aiwatar ba. Jihar Tennessee tun 2022 ta mayar da kafa sansani a filin gwamnati babban laifi. Wanda aka yi wa tabon babban laifi kuwa, mai gidan haya da mai ɗaukar aiki duk suna ganinsa in sun bincika.

Kawu_Bala:
A birnin Austin na jihar Texas kuma jama'a da kansu suka kaɗa ƙuri'a a 2021 aka dawo da haramcin, bayan an ɗage shi shekara biyu sun ga yadda birnin ya koma. Wannan ma a faɗa.

Ɗalibar_Shari'a:
Haka ne Kawu, an yi hakan.

Baban_Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Yau na samo daftarin dokar, shafi huɗu ne. Babu maganar sanarwa kafin shara, babu maganar ajiye kaya, babu inda aka ce ga wurin da aka yarda mutum ya kwana. Na kira ofishin ɗan majalisar unguwarmu na tambayi ko gadajen gidajen kwana sun isa mutanen da ke waje, wadda ta ɗauka ta ce za a kira ni, har yanzu shiru.

Da yamma kuma na taka zuwa bakin shingen. Tanti biyar ne. Na yi sallama da wani mai furfura da ke zaune kan bokiti yana ɗinke takalmi. Ya ce ya san yarana, ya ce babban ne ke buga ƙwallo da ƙafar hagu, ya tambaye ni me ya sa suka daina zuwa. Na rasa abin da zan ce masa. A tanti na ƙarshe kuma na ga allura biyu a ƙasa, taku kaɗan daga lilon yara. Duka biyun na gani a cikin minti goma.

Ban sa hannu a ko ɗaya ba. Na yi rajistar magana ranar Talata, minti biyu ake ba kowa.

Nas_Rabi:
Ka tambaye su maganar magunguna da katin shaida, don Allah. Ko jaka ɗaya a bar wa mutum ya ɗauka kafin motar shara ta matso.

Hajiya_Mai_Shago:
Da banɗaki. Da akwatin zuba allurai.

Kawu_Bala:
Ka kuma ce musu filin wasan yara da ƙofar makaranta a bar su fes, ko me za a yanke. Los Angeles ta sa tazarar ƙafa 500 daga makarantu. A nan ba zan sassauta ba.

Direban_Dare:
Kawu, wannan ko ni na yarda, in dai za a nuna wa mutum wani wurin a ce nan an yarda ka kwana, ba wanda zai buga maka gilashi. Da a lokacina akwai filin ajiye motoci guda ɗaya da aka ware, da ban yi wata huɗu ba. Baban Khalifa, mai ɗinkin takalmin ya san za a yi zaman Talata kuwa? In yana son zuwa ka ɗauke shi a motarka, amma ka fara tambayarsa wa zai tsare masa kayansa kafin ya dawo.